Darasi na Tara: Doka da Manufofin Gwamnati a Kan Sauyin Yanayi

Yawancin masu karanta wannan darasi ba sa bukatar a gaya musu cewa yanayi ya sauya. Manomi ya san ruwan shuka ya daina sauka a lokacin da iyayensa suka saba. Idan ma ya sauka, sau da yawa yakan ɗauke bayan an binne iri, ko kuma ruwan da ya kamata a yi cikin wata guda ya zubo a dare ɗaya. Makiyayi ya san nisan da yake yi yanzu kafin ya sami ciyawa da mashaya, uwargida kuma ta san kuɗin da itacen girki yake ci mata. Abin da ba a cika bayyana wa jama'a ba shi ne, akwai yarjejeniyoyi da aka sa wa hannu da sunansu, akwai dokoki da aka kafa, akwai hukumomi da kuɗaɗen da ake warewa domin wannan matsala. A darasin nan za mu san waɗannan abubuwa, mu kuma nemi amsar tambaya guda: me ya sa wata doka take aiki, wata kuma take mutuwa a kan takarda?

Tushen matsalar

Idan aka ƙona kwal ko man fetur ko iskar gas, ko aka sare daji aka cinna masa wuta, wata iska mai suna kabon tana tashi sama. Wannan iska tana hana wani ɓangare na zafin rana komawa inda ya fito. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane ƙwayoyin iska miliyan ɗaya, kimanin 280 ne na kabon. Yau sun haura 420. Sakamakon haka duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1, kuma shekarar 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ƙarin zafi yana rikita damina, yana tsananta fari a wani wuri, yana haddasa ambaliya a wani.

Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Amurka da ƙasashen Turai su suka fi tara shi a tsawon tarihi, Sin kuma ita ce kan gaba a yanzu. Amma yankinmu na Sahel yana cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai a waɗancan shekarun fari, ko da yake yakan ɗan farfaɗo idan damina ta yi kyau. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jihar Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri.

A nan sai mu yi hattara. Ba kowace ambaliya ce za a ɗora wa sauyin yanayi alhakinta shi kaɗai ba. Madatsar da ba a gyara ba, gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, magudanar da shara ta toshe, duk waɗannan aikin mutane ne, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin hana su. Sauyin yanayi yana ƙara yawan ruwan, sakaci kuma yana buɗe masa ƙofa. Shi ya sa maganar doka take da muhimmanci.

Doka ita ce ƙa'idar da majalisa ta zartar, shugaba ya sa mata hannu, wanda ya karya ta kuma ana iya kai shi kotu. Manufa kuwa tsari ne da gwamnati ta ɗaukar wa kanta, kamar ta ce za ta dasa itatuwa ko ta raba famfon sola ga manoman rani, kuma wata gwamnatin tana iya zuwa ta ajiye shi. Dukansu biyu suna fuskantar aiki iri biyu: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da kuma shirya jama'a su iya rayuwa da sauyin da ya riga ya auku. A wajen talakan Sakkwato ko na Damagaram, aiki na biyu ya fi gaggawa.

Alƙawuran da ƙasashe suka yi wa juna

A 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo na ƙasar Barazil, suka sa hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi. A cikinta akwai wata ƙa'ida da ya kamata kowa ya riƙe: alhakin na kowa ne, amma ba daidai yake ba. Wanda ya fi ɓata iska, kuma ya fi wadata, shi ya kamata ya fi ɗaukar nauyin gyara. Daga wannan yarjejeniya aka samo babban taron da ake yi kusan kowace shekara, wanda kuke ji a rediyo ana kira COP.

A 1997, a birnin Kiyoto na Japan, aka ɗora wa ƙasashe masu arziki wajibcin rage hayaƙi da adadi sananne. Amurka ba ta taɓa tabbatar da wannan yarjejeniya ba, Kanada kuma ta fice a 2011, don haka ba ta yi tasirin da aka so ba. Sai a watan Disamba na 2015 aka sake sabon salo a birnin Paris. Kusan duk ƙasashen duniya suka yarda a hana zafi ƙaruwa ya kai digiri 2 bisa yadda yake kafin zamanin masana'antu, a kuma yi ƙoƙari a tsayar da shi a digiri 1.5. A wannan tsari kowace ƙasa ita take faɗin abin da za ta yi, ta rubuta ta miƙa, sannan ta sabunta shi duk bayan shekara biyar.

Yarjejeniyar Paris kamar aikin gayya take. Kowa ya ce zai zo da fartanyarsa, kowa ya faɗi kunya nawa zai nome, amma babu wanda zai ci tarar wanda bai zo ba, sai dai a yi masa kallon wanda ya saɓa alƙawari. Wannan shi ne ƙarfinta, domin shi ya sa kowa ya yarda ya shiga, kuma shi ne rauninta. Amurka ta fice a 2020, ta dawo a 2021, a farkon 2025 kuma shugabanta ya sake sanar da ficewa.

Inda rigima ta fi zafi shi ne wajen kuɗi. A 2009, a birnin Kofanhegan, ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020 domin taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Ba su cika a kan lokaci ba, kuma babban kaso na abin da suka bayar bashi ne ba kyauta ba. Wannan ba adalci ba ne. Ƙasar da ba ita ta haddasa ɓarna ba, bai kamata ta ci bashi da ruwa domin gyara ta ba. A 2022, a taron da aka yi a Masar, aka amince a kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ya jawo, abin da ƙasashe matalauta suka yi kusan shekara 30 suna nema. Alƙawuran farko da aka yi wa asusun a Dubai a 2023 sun kai kimanin dala miliyan 700 ne kacal, alhali ambaliya ɗaya a ƙasa ɗaya tana iya cinye ninkin wannan. A 2024, a birnin Baku, aka ɗaga alƙawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, wakilan ƙasashe masu tasowa da dama kuma suka fito fili suka ce bai isa ba.

Dokar Nijeriya ta 2021

Birtaniya ta yi dokarta ta sauyin yanayi a 2008, Kenya ta yi tata a 2016. A Nijeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamba na 2021, jim kaɗan bayan ya yi alƙawari a taron COP na birnin Gilasgo cewa zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda dazuzzukanta da sauran hanyoyi ke iya shanyewa ba. A wannan shekarar ce kuma Nijeriya ta sabunta alƙawarinta na Paris: za ta rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da ake hasashen za ta fitar a 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 idan ta sami tallafi daga waje.

Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi a ƙarƙashin shugabancin shugaban ƙasa da kansa. A cikin majalisar akwai ministoci, da wakilin gwamnoni, da na ƙananan hukumomi, da kujerun mata da matasa da masu bukata ta musamman. Ta wajabta a ƙayyade iyakar hayaƙin da ƙasa za ta fitar, a riƙa fitar da tsarin aiki duk bayan shekara biyar, a kuma buɗe asusu na musamman. Ta umarci ma'aikatun gwamnati su naɗa jami'in da zai kula da wannan batu, haka ma kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye. Ta kuma ce a shigar da ilimin sauyin yanayi cikin manhajar makarantu.

Doka ce mai kyau a rubuce. Amma mu lura da wani abu. Filaye a Nijeriya suna hannun gwamnoni ne a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, dazuzzuka ma jihohi ne ke kula da mafi yawansu, kwata da shara kuma aikin jiha da ƙaramar hukuma ne. Ma'ana, abubuwan da suka fi taɓa rayuwar mai karatu ba a Abuja ake yanke su ba. Idan jiha ba ta sa kuɗi a kasafinta ba, ba ta kare burtali da gandun daji ba, ba ta hana gini a fadama ba, dokar tarayya ba za ta isa ƙauye ba.

Wutar da doka ta kasa kashewa

Domin mu fahimci yadda doka take mutuwa, bari mu je yankin Neja Delta. Idan ana haƙo ɗanyen mai, iskar gas tana fitowa tare da shi. Tattara ta da sarrafa ta na bukatar jari, don haka kamfanoni suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka riƙa ƙona ta a sararin sama dare da rana. Wannan wuta tana ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya, tana cutar da lafiyar mutanen da ke zaune kusa da ita, tana kuma ƙone dukiyar da za ta iya ba ƙasa wutar lantarki da gas ɗin girki.

Tun 1979 aka yi dokar da ta ce a daina wannan ƙonawa daga ranar 1 ga Janairu, 1984. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe: minista yana iya ba kamfani izinin ci gaba idan ya biya tara. Tarar farko kwabo 2 ce a kan kowane ma'auni dubu na gas. Daga baya ta koma kwabo 50, sannan naira 10 a 1998. Kowane ɗan kasuwa zai iya lissafin nan: idan biyan tara ya fi gyara arha, tara za a biya. Sai a 2018 aka ɗaga ta zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan zurfi. Gwamnatin da za ta hukunta kamfanonin ita ce abokiyar kasuwancinsu ta hannun kamfanin mai na ƙasa, kuma daga man take samun mafi yawan kuɗin waje.

A 2005 wani mutum mai suna Jonah Gbemre ya kai ƙarar kamfanin Shell da kamfanin mai na ƙasa a madadin al'ummarsa ta Iwherekan a Jihar Delta. Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci cewa ƙona gas ya tauye haƙƙin rayuwa da mutuncin ɗan Adam da kundin tsarin mulki ya tanada, ta kuma ba da umarnin a daina. Ba a aiwatar da hukuncin ba. An yi ta sa sababbin wa'adi ana ɗagawa, kuma har yau Nijeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya. Fiye da shekara 40 ke nan da cikar wa'adin farko.

Abin da ya faru a Maraɗi

Labari na biyu ya fi kusa da mu, kuma ya cancanci mu tsaya a kansa. A zamanin mulkin Faransa, wata doka ta 1935 ta mayar da dazuzzuka da muhimman itatuwa mallakar hukuma a ƙasashen da Faransa ke mulka a yammacin Afirka. Bayan samun 'yancin kai Nijar ta ci gaba da wannan tsari. Manomi ba shi da iko da gawon da ke tsakiyar gonarsa. Idan ya sare reshe, ma'aikacin daji yana iya cin tararsa. Niyyar dokar ita ce kare itatuwa, amma abin da ta haifar akasin haka ne. Me zai sa mutum ya raini itacen da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai manoma suka riƙa share duk wani tsiro tun yana ƙarami lokacin sassabe. Malaman gona na wancan lokaci ma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Da fari ya zo, iska ta riƙa kwashe ƙasar sama, rairayi yana binne gero tun yana tsiro, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa daga gandun reno, mafi yawansu suka mutu. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a yankin Maraɗi ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara ba ciyayi ba ne. Tohon kututture ne na itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu kuma na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa mafi ƙarfi a kowane kututture, ya rage sauran, ya kare su daga dabbobi da masu sara. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yana girma da sauri ba tare da ban ruwa ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya, domin manoma sun daɗe da sanin amfanin barin gawo a gona. A Nijar ana kiran ta sassabin zamani.

Dabara kaɗai ba za ta wadatar ba da dokar ta ci gaba da zama yadda take. Da farko hukumomin daji na yankin suka sassauta, suka bar manoma su amfana da itatuwan da suka raina. Sannan dokar karkara ta 1993 da dokar dazuzzuka ta 2004 suka ƙara ƙarfafa haƙƙin manomi a kan gonarsa da abin da ke cikinta, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da wani ƙuduri na musamman kan wannan salon renon itatuwa. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadinsa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutane suka kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa da manoma da mata da makiyaya, suka sa ƙa'idojin sara da tarar wanda ya saci itacen wani.

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi da rani. Kalgo da sabara da aduwa da magarya suna ba da itacen girki da magani da abin sayarwa. Matan da a da suke yin tafiya mai nisa neman itace suka riƙa samunsa a gonar gida. A shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba, iyali na iya sayar da itace su sayi hatsi. Duk wannan bai ci wa gwamnati wani babban kuɗi ba.

Ku kwatanta labaran nan biyu. A Neja Delta doka ta yi hani, amma ta sa tara mai arha, mai aiwatar da ita kuma yana da riba a karya ta. A Maraɗi doka ta daina tsoratar da manomi, ta ba shi haƙƙi, sai amfaninsa da amfanin ƙasa suka zama abu ɗaya. Duk lokacin da kuka ji an kafa sabuwar doka ta muhalli, ku tambaya: wa zai amfana idan an bi ta, wa zai yi asara, wa zai sa ido, kuma nawa ne hukuncin wanda ya karya ta?

Ganuwar itatuwa da matsalar gawayi

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kimanin kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 zuwa 2030. Nijeriya ta kafa hukuma ta musamman domin shirin a 2015, tana aiki a jihohi 11: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa abin da aka cim ma a yankin shirin bai wuce kimanin hekta miliyan 4 ba. Rashin tsaro da ƙarancin kuɗi sun taka rawa, amma akwai kuma tsohon kuskuren nan na dasa itace a filin da ba na kowa ba, a ɗauki hoto ranar biki, a tafi a bar wa awaki. Masu shirin sun koyi darasi, yanzu sun fi mai da hankali ga gonakin jama'a da wuraren kiwo fiye da jere itatuwa a layi ɗaya.

Haka batun gawayi yake. Jihohi da dama sun hana sare itatuwa domin yin gawayi, kuma hanin yana da hujja, domin manyan itatuwa irin su kaɗanya da ɗorawa suna ƙarewa. Amma dole a dafa tuwo. Muddin kananzir da gas sun fi ƙarfin aljihun talaka, gawayi zai ci gaba da shigowa gari ko da dare ne, hanin kuma zai zama hanyar karɓar na goro a bakin hanya. Manufar da za ta yi aiki sai ta haɗa hani da madadi: murhu mai cin itace kaɗan, gas mai sauƙin kuɗi a ƙananan tukwane, da gandun itacen girki da al'umma ke mallaka. Janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023 ya nuna yadda farashi yake juya halin mutane. Manoman rani da yawa sun koma famfon sola saboda tsadar mai, amma tsadar rayuwa ta kuma tura gidaje da dama komawa itace. Wasu ƙasashe suna amfani da farashi da gangan: Suwidin ta sa harajin kabon tun 1991, Afirka ta Kudu kuma a 2019. Irin wannan haraji yana zama zalunci idan ba a mayar da kuɗinsa wajen sauƙaƙa wa marasa ƙarfi ba.

Ƙofar kotu da haƙƙin tambaya

Duk da abin da ya sami hukuncin Gbemre, kotu ba ƙofa ce da aka rufe ba. A 2019 Kotun Ƙolin Holan ta tabbatar da hukuncin da ya tilasta wa gwamnatin ƙasar rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 bisa na 1990, bayan ƙarar da wata ƙungiya mai suna Urgenda ta shigar tare da ɗaruruwan 'yan ƙasa. A watan Yuli na 2025 Kotun Duniya ta ba da ra'ayinta na shari'a cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta yi sakaci ana iya neman diyya a wajenta. Ƙaramar ƙasar tsibiri ce mai suna Banuwatu ta jagoranci neman wannan ra'ayi, bayan ɗaliban shari'a na yankinta sun taso da maganar.

A Nijeriya sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, da ruwa da iska da ƙasa da daji. Sashe na 24 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar dokarta, ya ba al'umma haƙƙin samun muhalli mai kyau. Wata doka ta 1992 ta wajabta a binciki illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar gwamnati yana neman bayani, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. Akwai kuma asusun kula da muhalli da ake cirewa daga kuɗin tarayya tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki domin zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Mutane ƙalilan ne suke tambayar inda wannan kaso yake shiga, kuma kuɗin da ba a tambaya a kansa ya fi saurin ɓacewa.

Aikin aji

Ku tattauna a tsakaninku: a garinku, wa yake da iko da itacen da ke cikin gonar aro ko ta jingina, mai gona ko mai noma? Mace tana da haƙƙi a kan itacen da ta raina? Idan makiyayi ya sassabe reshen gawo domin dabbobinsa, yaya ake sasantawa? Ku kuma bayyana da kalmominku dalilin da ya sa dokar hana ƙona gas ta 1979 ba ta yi aiki ba.

Kafin darasi na gaba, ku kasu gida uku. Rukuni na farko ya je wajen mai unguwa ko dagaci da malamin daji ya tambayo ƙa'idar sare itace a yankinku da hukuncin wanda ya karya ta. Na biyu ya zagaya gari ya rubuta wuraren da ruwa yake kwanciya da damina da abin da ya toshe hanyarsa. Na uku ya rubuta wasiƙa zuwa ga kansila ko shugaban ƙaramar hukuma yana neman bayanin abin da aka yi da kason muhalli a shekarar da ta wuce. Ku sa hannu a wasiƙar gaba ɗayanku, ku ajiye kwafi, ku kuma rubuta ranar da kuka miƙa ta.